Wane laburare za a yi amfani da shi wajen kulle mabuɗin sirri?

Sadiya: Salamu alaikum jama'a. Ina da mabuɗin sirri na RSA (tsarin ɓoye bayanai mai mabuɗi biyu, na sirri da na fili) da na ƙirƙira a yaren rubuta manhaja na Python, ina so in fitar da shi cikin fayil amma da kalmar sirri a kansa. Ina neman laburare, wato shiryayyen kod da zai yi min aikin. A wani tsohon darasi na ga PyCrypto, wasu kuma sun ce cryptography. Wanne kuke amfani da shi?

Baffa: Wa alaikumussalam. Rabu da PyCrypto, tun 2013 ba a fitar da sabonsa ba.

Ɗanlami: cryptography ƙanwata. Ki kira private_bytes, ki ba shi PEM a matsayin tsarin fayil, ki zaɓi PKCS8 a matsayin salon ajiye mabuɗin, sannan BestAvailableEncryption don kulle shi. Kalmar sirrin kuma a bytes za ki ba shi, in kika sa rubutu zalla zai yi miki ihu.

Sadiya: Ihun na sha tun jiya, ashe dalilin ke nan.

Malam Auwalu: Bari in ba ku labarin abin da ya same ni, don kada wani ya sake. Shekaru biyu da suka wuce ina yi wa wani ɗan kasuwa manhajar biyan kuɗi. Ina gwaji a gida, na gaji da shigar da kalmar sirri duk lokacin da na kunna, sai na sa NoEncryption, wato ba kulle, na ce gobe zan gyara. Goben nan ba ta zo ba. Fayil ɗin ya shige cikin git, ma'ajiyar da ke adana kod da tarihinsa, tare da sauran kaya, na tura. Bayan wata uku wani yaro da muka ɗauka aiki ya ce min, Malam, wannan fayil ɗin da ya fara da BEGIN PRIVATE KEY ba shi da kulle fa. Gumi ya karyo min duk da ana sanyi. Na goge fayil ɗin na sake turawa, ina ganin an gama, sai yaron ya nuna min yana nan daram a tarihin git, duk wanda ya taɓa kwafar ma'ajiyar yana da shi. Dole muka soke mabuɗin, muka yi sabo, muka bi abokan hulɗa ɗaya bayan ɗaya muna ba su mabuɗin fili na sabon. Kwana huɗu ban yi barcin kirki ba. Yanzu abu na farko da nake yi bayan fitar da mabuɗi shi ne in buɗe fayil ɗin da idona. In ban ga ENCRYPTED a layin farko ba, ba na motsawa.

Baffa: Allah ya kiyaye. Amma Malam, ganin ENCRYPTED kaɗai bai isa ba. In ka zaɓi TraditionalOpenSSL maimakon PKCS8, za ka ga Proc-Type: 4,ENCRYPTED, amma tsohon salon nan da wata tsohuwar dabara mai suna MD5 yake sarrafa kalmar sirri, zagaye ɗaya tak. Mai kwamfuta mai ƙarfi zai yi ta gwada kalmomi cikin sauri.

Malam Auwalu: Gaskiya ne. BEGIN ENCRYPTED PRIVATE KEY nake nufi, na PKCS8.

Hauwa'u: Ni laburaren PyCryptodome nake so. Ka kira export_key, ka sa pkcs=8, ka zaɓi scrypt a protection, dabara ce mai wahalar da mai gwada kalmomi. In ka bar shi yadda ya zo, tsohon salon da Baffa ya faɗa zai ba ka, har da tsohon kullen nan na DES uku.

Ɗanlami: To ai shi ya sa nake cewa cryptography, ba ya barin ka faɗa rami ba ka sani ba.

Hauwa'u: Ya bar Malam Auwalu ya faɗa ai.

Malam Auwalu: Ni na tono ramin da hannuna, Hauwa'u, kada ki ɗora wa laburare.

Isiyaku: Ku dai Python ɗin nan. Mu a Node, wato masu rubutu da yaren JavaScript, key.export da cipher aes-256-cbc da passphrase, an wuce wurin.

Ɗanlami: Wa ya kira ɗan Node?

Isiyaku: Ni dai na zo wucewa.

Baffa: Sadiya, kada ki rubuta kalmar sirrin cikin kod ɗin kansa. Kulle ƙofa ne ka rataye makulli a jikinta. Ki yi amfani da getpass ya riƙa tambayar ki kalmar, kuma ki yi wa fayil ɗin chmod 600 don ke kaɗai ki iya buɗe shi.

Isiyaku: Kuma kada kalmar ta zama sunan saurayi da shekarar haihuwa.

Sadiya: Yaya Isiyaku ka fita harkata.

Hauwa'u: Wani ya ce min karin magana yake sawa, wai Bature ba zai gane ba.

Baffa: Karin maganar da kowa ya haddace tun firamare? Ya haɗa kalmomi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna, ya fi.

Ɗanlami: Mabuɗin na SSH ne, na shiga wata kwamfuta daga nesa? In na SSH ne ki bar wahala, ssh-keygen -p zai sa miki kalmar sirri. Tun OpenSSH 7.8 sabon tsarinsu da dabarar bcrypt yake sarrafa kalmar sirri, in kina so ki ƙara zagaye ki sa -a.

Sadiya: Ba na SSH ba ne, na sa hannu a takardu ne. Na gwada PKCS8 ɗin ya yi. Amma in na manta kalmar sirrin fa?

Malam Auwalu: Sai dai ki yi sabon mabuɗi.