Yadda za ka gane ko solarka na aiki yadda ya kamata

Shawarar da ta fi fitowa a wata tattaunawa kan yadda ake gane aikin sola ita ce a riƙa rubuta yunit nawa inbata (na'urar da ke juya wutar farantan sola zuwa irin wadda gida ke amfani da ita) ta samar kowane wata. Mitar kamfanin wuta ba ta isa ba, domin rarar da ka tura layi kawai take nunawa, ban da wadda gidanka ya sha.

Kada ka gwada Janairu da Yuli. Gwada Janairun bana da na bara, kuma ka tara na shekara uku zuwa biyar kafin ka yanke hukunci, tunda wata shekarar ta fi wata gajimare. Farantan sola na silikon kan rage ƙarfi da kusan rabin kashi 1 cikin 100 a shekara, garantinsu kuma yawanci shekara 25 ne. In ka ga faɗuwar kashi 10 a shekara guda, ba tsufa ba ne. Hau ka duba: ƙura, kashin tsuntsu, reshen bishiyar da ya girma ya yi inuwa, ko waya ta saki.

Abin da ya fi burge ni, wanda da yawa ke mantawa: in wutar layi ta ɗauke, inbatar da ke haɗe da layi ba tare da batir ba ita ma tsayawa take don kare masu gyaran layin. Cire waɗannan awannin daga lissafi kafin ka zargi farantan.