Lemon tsamina na cikin bokiti yana zubar da ganye, ko ƙishi ne?

Maman Ilham, Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Gidan haya muke, tsakar gidan duk siminti ne, shi ya sa na dasa lemon tsami mai aure, wato wanda aka haɗa reshen wani lemon a kan gindin wani, a bokitin fenti mai cin lita 20. Wata bakwai ke nan, har fure ya yi. Tun da zafin nan ya kama, ganyen ya koma rawaya yana zubewa, da rana kuma ya langaɓe. Na koma ba shi ruwa safe da yamma, amma abin sai gaba yake. Jar ƙasa ce na haɗa da kashin kaji. Mahaifina ne ya saya min shi, ba na son ya mutu a hannuna.

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Ƙila yunwa ce, ki zuba masa takin zamani.

Malam Habu mai dashe: A'a, Hajiya, kada ki sa taki tukuna. Huji nawa ne a gindin bokitin? Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, ki kuma sunsuna.

Maman Ilham: Huji biyu ne, da ƙusa na yi su. Malam, sama a bushe take har ta tsattsage, amma ciki caɓal, kuma tana wari kamar kwata.

Malam Habu: To ai shi ke nan. Ruwa ne ya yi masa yawa. Saiwa ma numfashi take yi, idan ƙasa ta cika da ruwa babu iska sai ta ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta jan ruwa, shi ya sa ganye ke langaɓewa tamkar mai ƙishi, ke kuma ki ƙara. Da yamma ki kwantar da bokitin ki zare shi a hankali. Saiwa mai lafiya tana da haske da ƙwari. Wadda ta yi baƙi, idan kin murza fatarta ta saɓule ta bar zare, ki yanke ta da almakashi mai tsabta. Jar ƙasar nan zalla dunƙulewa take kamar tubali. Ki rage ta sosai, ki haɗa da yashi mai tsakuwa-tsakuwa, da takin shanu da ya ruɓe ya zama baƙi, da ɓuntun shinkafa, an fi son wanda aka ɗan babbaka. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake. Huji ki yi kamar takwas, kowanne ya kai faɗin yatsa. Wajen mayarwa, gaɓar auren ta tsaya sama da ƙasa, kada ki binne ta. Taki sai kin ga sabon toho.

Anti Bilki, Hotoro: Ni tsakuwa nake zubawa a ƙasan tukunya don ruwa ya wuce.

Malam Habu: Anti, ba ta taimakawa, wurin saiwa kawai take cinyewa, ruwan kuma ya kwanta a samanta. Gara ki ɗora tukunyar a kan bulo biyu.

Anti Bilki: Madalla, na ƙaru. Maman Ilham, ki daina bin agogo wajen ban ruwa. Sai yatsa ya ji bushewa, sannan ki zuba sosai har ya fito ta ƙasa. A watan Afrilu zai iya nema kullum, da hunturu ya kwana uku ko huɗu, a Agusta kuwa ni har ƙarƙashin rumfa nake ja da nawa. Bokiti a kan siminti da rana tsaka yana dafa saiwa, ki naɗe shi da buhun algarara.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Na zare shi ɗazu, kusan rabin saiwar ta tafi, amma akwai farare ta gefe guda. Malam, in rage rassan ne ko in bar su?

Malam Habu: Ki rage kamar kashi ɗaya cikin uku, ki tsinke 'ya'yan da ya ɗaura, ki ajiye shi inda hantsi kawai zai same shi na sati biyu.