Ƙwayar maganiziyam ga mai ciwon suga, wa ya gwada?

Maman Safiya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata na fama da suga, kuma jijiyar ƙafarta na yawan ɗaurewa da dare. An ce in saya mata ƙwayar maganiziyam. Wa ya taɓa gwadawa?

Malam Bala: Wa alaikumus salam. A fara auna mata ƙoda tukuna.

Anti Ladi: Wallahi ki ji maganar Malam. Maigidana suga da hawan jini ne suka haɗe masa. Likita ya ce ya rage gishiri, shi kuma abinci ba gishiri ba ya shiga bakinsa, sai ya ture kwano. Muka samo gishirin nan da ake cewa na masu hawan jini ne, ashe fotasiyam ne a ciki. Yana kan lisinopril, maganin hawan jini mai riƙe fotasiyam a jiki, ga ƙodarsa ta fara rauni. Jiki ya mutu masa, hawa gado ma sai an kama shi, zuciya na bugawa ba daidai ba. Sai da aka kwantar da shi. Maganiziyam ma ƙoda ce ke fitar da rararsa, in ta gaza sai ya taru a jini.

Baban Sadik: Subhanallahi. Allah ya ƙara masa lafiya.

Nas Hauwa: Amin. Gaskiya ne masu suga kan rasa maganiziyam, don in suga ya hau yana bin fitsari ya fice. Babba na buƙatar miligiram 310 zuwa 420 a rana. Wake, gyaɗa, ganye kore da hatsin da ba a cire dusarsa ba duk suna da shi. Ƙwayar kuma takan sa gudawa.

Baban Sadik: Hatsi da dusarsa? Anti Nas, ai ba ya haɗiyuwa!

Nas Hauwa: Harshe sabo yake bi. Ka rage gishiri kaɗan-kaɗan, bayan 'yan makonni na da ɗin ma zai yi maka yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce kar a kai giram 5 na gishiri a rana.

Malam Bala: Baban Sadik, kai da ka ce ka bar lemon kwalba, ina aka kwana?

Baban Sadik: Malam, a rufa asiri.

Maman Safiya: Na gode. Mahaifiyar tawa ta daɗe tana shan metformin, maganin suga, ko yana da hannu?

Nas Hauwa: Yakan rage bitamin B12. In akwai dindiris a yatsu, a auna shi ma.