Zuba samfur mai yawa a injin GC don gano fiya-fiya a wake

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum malamai. Ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Ikeja, inda muke amfani da injin GC, wato na'urar da ke rarrabe sinadarai bayan ta mai da su tururi, wajen auna ragowar maganin ƙwari a waken da ake kawo mana daga kasuwar Mile 12. Tun da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda dikulobos, wato sinadarin fiya-fiya, masu fitar da kaya ke so mu gano shi har a 0.01 mg/kg, alhali maikurolita 1 (kashi ɗaya cikin dubu na mililita) da muke zubawa da ƙyar yake nuna alama. Na gwada maikurolita 10 a mashiga (wurin da ake zuba samfur a injin) mai zafin digiri 250, sakamakon ya rikice. Ina kuskuren yake?

Tsohon Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bututun gilashin da ke cikin mashigar bai kai mililita 1 ba, maikurolita ɗaya na asetonaitiril (ruwan da ake narkar da samfurin a ciki) kuwa yakan zama ɗaruruwan maikurolita na tururi, don haka goman da ka zuba ambaliya suka yi, suka koma cikin bututun gas. Abin da kake buƙata shi ne mashigar PTV, wato mashigar da ake iya tsara hawa da saukar zafinta, wadda Vogt da abokan aikinsa suka gabatar a 1979. Ana zuba samfurin sannu a hankali tana da sanyi, ƙasa da digiri 82 da asetonaitiril ke tafasa, a bar ƙofar fitar tururi a buɗe har ruwan narkarwar ya kusa ƙarewa, sannan a rufe ta, a ɗaga zafi da sauri domin abin da ya maƙale a audugar gilashin da ke cikin bututun ya wuce cikin kolom, wato dogon siririn bututun da ke rarrabe sinadaran.

Malama daga Yaba:
Bayanin Malam daidai ne, sai dai dikulobos yana saurin tashi, kuma idan ƙofar ta daɗe a buɗe zai bi tururin ya fice. Na taɓa ganin alamarsa ta ragu sosai saboda 'yan daƙiƙoƙin da na ƙara. Ka fara da maikurolita 5, kana rage lokacin kana kwatantawa. Dattin waken ma ninkuwa yake yi tare da samfurin. Bututun gilashina yakan yi launin ƙasa-ƙasa cikin kwanaki kaɗan.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Injinmu na biyu yana da PTV, sai dai iska ce kawai ke sanyaya ta, kuma da zafin Legas takan daɗe kafin ta sauko. Zan fara gwajin da safe, ranar Litinin.