Yadda ake cutar 'yan'uwanmu masu lalurar otizim a Accra: kowa ya kawo abin da ya sani

Malamar yara masu buƙata ta musamman, Nima

Assalamu alaikum. Iyaye da yawa suna kawo kuka iri ɗaya: saurayi ko budurwa mai lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, an kwashe masa kuɗi a waya ko an sa shi ya yi abin da zai ja masa magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 yana da wannan lalura, don haka babu zangon da ba su.

Mu fara da gyara fahimta. Ba rashin hankali ba ne, wasu cikinsu sun fi mu lissafi da riƙe ƙa'ida. Abin da ke faruwa shi ne da yawansu suna ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Wanda ya ce "ni ma'aikacin banki ne", to ma'aikacin banki ne. Sauyin murya ko kallon da ke sa mu tsargu, su ba lalle su kama shi ba. Ga kaɗaici, ga ruɗewa idan aka matsa musu da gaggawa. Mu kuma muka ƙara da tarbiyyar "ba a musa wa babba". Yaron da aka shekara ashirin ana yaba masa don yana cewa to, da wane baki zai ce a'a?

Mai shagon MoMo (tura kuɗi da karɓa ta waya), Maamobi

Wa alaikumus salam, Malama. Hanyoyi uku ne suka fi yawa a wajenmu.

Na farko, saƙon bogi. Saƙo ya shigo kamar an turo sidi 500, sai kira ya biyo baya da muryar tausayi: kuskure ne, kuɗin asibiti ne, a taimaka a mayar. Saƙon gaskiya da sunan MobileMoney yake zuwa, na bogi daga lambar mutum. Amma kada a dogara da kallo, a danna *170# in layin MTN ne, a duba abin da ke ciki. In ma kuɗin sun shigo da gaske, mai su ya nemi kamfani ya mayar masa.

Na biyu shi ne mafi muni. Mai kira ya ce daga ofis yake, za a rufe layi ko an ci kyauta, ya sa a kunna izinin cire kuɗi, sai buƙata ta fito a fuskar waya tana neman lambar sirri. Da an saka lambobi 4 ɗin nan kuɗi sun tafi. Ga jimlar da nake so a haddace musu: karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri, duk buƙatar da wani ya turo tana neman lambar sirri, kuɗi fita za su yi.

Na uku, lambobi 6 na WhatsApp. A ce an sa shi a wani rukunin addu'a ko na neman aiki, ya karanto lambar da ta shigo. Daga nan sun ƙwace shafinsa suna roƙon dangi da sunansa. A kunna masa tabbaci mai mataki biyu tun yau.

Shawarata, a raba kuɗin. Layin da ke hannunsa kada ya wuce na kashewar kwana biyu ko uku, sauran a ajiye a asusun da sai an je da Ghana Card.

Ma'aikacin jin daɗin jama'a, Madina

Alhaji mai shagon MoMo ya yi bayanin baƙo, ni kuwa na gida ne ya fi damuna. Mafi yawan abin da ke zuwa gabanmu ba ɗan sakawa, wato ɗan damfarar intanet, ba ne daga nesa, "aboki" ne na unguwa. Ga alamominsa: ba ya zuwa sai ranar da kuɗi suka shigo. Kullum yaron ne ke sayen wake da shinkafa da katin waya. An ari wayarsa mako guda ba a dawo da ita ba. Sai kuma jimlar da ta fi kowace haɗari, "kada ka gaya wa Hajiya, sirrinmu ne". Mai otizim yana riƙe alkawari ƙam, su kuma da wannan suke ɗaure shi.

Abin da ya fi cin kuɗi muni shi ne aron suna. A raka shi a yi rajistar layi da Ghana Card ɗinsa, ko a ce kuɗi za su shigo wayarsa ya ciro a ba shi sidi 20 na ruwa. Kuɗin damfara ne, kuma ranar da 'yan sanda suka bi sawu sunansa za su tarar. Haka ake karɓar bashi da sunansa a manhajojin ba da rance marasa lasisi, waɗanda Babban Bankin Ghana ya sha gargaɗi a kansu. Suna kwashe lambobin da ke waya, su bi dangi da zagi da tonon asiri.

Dole in faɗi wannan ko da ba daɗi: wani lokaci ɗan'uwa ne ke cinye tallafin LEAP da gwamnati ke ba marasa ƙarfi, ko kason da majalisar gunduma ke ware wa masu buƙata ta musamman. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006, mai lamba 715, ta hana ci da guminsu, kuma ba ta cire dangi ba. A riƙa rubuta shiga da fita a littafi, mutum biyu suna gani.

Tela mai koyar da sana'a, Sabon Zango

A wurin koyon sana'a ma akwai. Yaro ya ƙware, aikinsa ya fi na kowa tsabta, amma shekara biyar, shida ba a yaye shi ba, don maigida ya san ba zai tambaya ba. Iyaye su rubuta ranar farawa da ranar yaye da kuɗin abinci, a gaban shaidu biyu.

Malamar yara masu buƙata ta musamman, Nima

Na gode. Hajiyoyi, ina roƙonku kada ku ƙwace waya. Ga wasunsu nan ne kaɗai suke hira ba tare da an yi musu dariya ba. In aka ƙwace, zai samo wata a ɓoye, kuma ba zai sake kawo muku labari ba.

"Ka yi hankali" ma ba ta aiki, domin ba ta faɗi abin yi ba. A ba shi ƙa'idoji uku ko huɗu marasa togaciya, a rubuta a kati a manna bayan waya. Ba na faɗa wa kowa lambar sirri, ko Baba. Ba na tura kuɗi ko hoton jikina sai an kwana kuma na nuna wa Yaya. Wanda ya ce in yi sauri ko in ɓoye, na kashe waya. A sa sunan mutum biyu da ya zaɓa da kansa.

Sannan a gwada. Wani ya kira daga ɗaki ya yi muryar ɗan damfara, shi kuma ya ce "sai na tambaya" ya katse. Minti biyar, sau biyu a mako, ana sauya labarin, domin wanda ya koyi ƙin "ma'aikacin ofis" ba lalle ya gane "budurwa daga Kumasi" dabara ɗaya ce ba. A gaya masa a fili cewa katse wa irin wannan kira ba rashin kunya ba ne.

Mai gyaran waya, Fadama

In abin ya riga ya faru, kada a yi faɗa, kada a goge komai. A ɗauki hoton saƙonni da lambar da lambar cinikin. A kira kamfanin layi a 100 nan take, a canza lambar sirri. Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana tana karɓar ƙorafi a 292, kira ko saƙo. In barazana ce da hoton tsiraici, kada a biya ko kwabo, biya ɗaya yana jawo na biyu, kuma laifi ne a ƙarƙashin dokar tsaron intanet ta 2020, mai lamba 1038. In akwai taɓa jiki ko cin zarafi daga na gida, ofishin DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a gida, za a nufa. Wanda ya saba da shi ya raka shi, ya nemi a yi masa tambaya ɗaya bayan ɗaya a wuri marar hayaniya, domin in aka matsa masa zai iya amsa "e" ga abin da bai yi ba.