Ƙanina na so ya shiga harkar sola, kasuwar ta zauna ne ko yayi ne kawai?

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya. Shawara nake nema dan Allah, musamman daga waɗanda suke cikin harkar. Ƙanina ne ya gama difloma a ɓangaren lantarki, yana zaune ba aiki sai ɗan gyaran waya da ɗaura fanka a unguwa, to yanzu ya dage shi harkar sola zai shiga, wai in taimaka masa da jari ya kama shago ya zuba faifan sola da batir da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida) yana sayarwa yana kuma haɗa wa mutane. Kuɗin ba wasu masu yawa ba ne, na wani ɗan fili ne da na sayar, kuma in suka narke gaskiya ba ni da wasu.

Ni dai idona ya gani, kafin a cire tallafin mai gida ɗaya ko biyu ne ke da sola a layinmu, yanzu in ka hau bene ka leƙa kwanukan gidaje baƙi-baƙi za ka gani ko'ina, masallaci, kemis, mai cajin waya, har mai shayin bakin titi ya jingina ɗan faifansa a jikin benci. Amma abin da ke ba ni tsoro, mun sha ganin sana'a ta yi tashe kowa ya ruga ciki daga baya ta mutu murus, ga shi yanzu duk lungun da ka shiga a Sabon Gari sai ka ga shagon sola. To in wutar gwamnati ta gyaru fa, ko mai ya sauko? Sannan na ji ana maganar za a hana shigo da faifan daga waje. Da sayar da kaya da aikin haɗawa wanne ya fi masa? Allah ya ba da ladan shawara.

Mai Sola Kano:

Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Aikina ke nan, da shi nake ci da iyalina, don haka zan faɗa maka tsakanina da Allah.

Kasuwa kam ta zauna, wannan kar ka sa shakku. Ba kwalliya ce ta sa mutane suke saye ba, matsi ne. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafi ya tafi, man da ake sha ƙasa da naira 200 kafin ƙarshen 2024 ya haura 1,000, mai janareto ya rasa inda zai sa kansa. A watan Afrilu 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka fi bai wa wuta a rana, daga naira 68 zuwa 225 duk yunit. Sai ga duhun watan Oktoba 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin ma da ke biyowa ta Binuwai ya faɗi, Arewa ta yi kwana da kwanaki ba wuta, wallahi a lokacin nan ko barcin kirki ba ma samu saboda kira. Kuma wanda ya saba kwana da fanka ba ƙarar inji ba warin mai, ko wuta ta gyaru gobe ba zai sauke faifansa ba, sai dai ya ƙara.

Amma maganar shago, ni ban ba da shawarar ya fara da shi ba. Faifan sola yanzu ribarsa kaɗan ce ƙwarai, manyan diloli da ke sauke kwantena daga Chaina su ne ke yanka farashi, kuma farashin a duniya ya yi ta sauka a 2023 da 2024, sai ka sari kaya yau bayan wata biyu sabon kaya mai wat mafi yawa ya shigo da araha, naka ya zama kwantai. Batir kuma shi ne mai cin jari, kuma in na ruwa ne ya daɗe a ajiye ba caji lalacewa yake tun a shago. Mai ƙaramin jari ba zai iya wannan kokawar ba.

Inda giɓin yake shi ne hannu. Masu sayarwa sun yi yawa, waɗanda suka iya lissafi kaɗan ne. Bari in ba ka misali, batir tubula, wato na ruwa, 220Ah na bolt 12 in ka lissafa wutar cikinsa yunit 2.6 ce da ɗan ɗori, amma rabi kawai ya kamata a sha in ana so ya yi kwana, to sai mutum ya sa guda biyu ya ce wa mai gida zai ɗauki firiza da fanka huɗu da talabijin har asuba, ta ina? Kullum ana tatse shi har ƙasa, kafin shekara ya mutu, sai a ce sola ƙarya ce. Na litiyom ya fi tsada a farko amma kana iya shan kashi 80 zuwa 90 na cikinsa kuma yana ɗaukar caji sau dubbai, shi ya sa yanzu yawancin masu hali can suka koma. Haka faifai, na wat 550 ba 550 zai ba ka ba a kan kwano a watan Afrilu, mutane na zaton zafi ne ke ƙara masa ƙarfi alhali haske yake so, zafin ma rage shi yake, shi ya sa ake barin tazara tsakaninsa da kwano iska ta riƙa wucewa. A nan wajenmu kudu ake fuskantar da shi da ɗan karkata. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, na sha zuwa gidan da aka ce inbata ta lalace, in hau sama in tarar ana iya rubuta suna da yatsa a kan faifan, bokitin ruwa da tsumma kawai ya gama gyaran.

Tunda yana da difloma rabin aikin ya wuce. Ya je ƙarƙashin wanda ya iya ya zauna ya koya, ka saya masa kayan aiki, sauran kuɗin ka riƙe.

Maman Sadiq:

Ni ba 'yar harkar ba ce, mai saye ce, amma Baban Hanifa ka ji abin da Mai Sola ya faɗa maka. Ƙanƙara da zoɓo da kunun aya nake yi a gida, firiza ita ce jarina. Adashe na ɗauka na haɗa da kuɗin wata tunkiya aka sa min sola, wanda ya zo ya haɗa ko tambayata bai yi ba me da me zan kunna, ya sa wata siririyar waya daga sama zuwa batir, ba bireka ba komai, da rana tsaka in na taɓa wayar zafi zau, wata rana har warin roba na ji a ɗakin na kwashe yara muka fita tsakar gida. Bai kuma gaya min ana duba ruwan batir ba, sai da suka bushe. Na kira har na gaji, daga baya ma layin ba ya shiga.

Wani yaro ne ɗan maƙotanmu ya zo ya gyara, shi kam da takarda da biro ya zo, ya duba bayan firizar ya karanta, ya ƙirga fanka da ƙwai, ya canza wayoyin, ya ce in riƙa daskarar da kayana da rana lokacin da faifan ke kawo wuta da ƙarfi, da daddare in kashe kar in buɗe ta, kuma dutsen guga da hita kar su kusanci soket ɗin. Ya nuna wa Sadiq yadda zai wanke faifan da sassafe kafin ya ɗau zafi. Yanzu duk matan adashenmu shi suke kira, har layi ake masa.

Abu ɗaya da zan ƙara, ka ja wa ƙanen naka kunne a kan ladabi, aikin nan cikin gidajen matan aure ake shiga, a hau katanga a hau rufi, maigida ba zai sake kiran wanda bai yarda da tarbiyyarsa ba ko da ya fi kowa iyawa. Kuma ya riƙa yi wa matar gida bayani don mu ne muke wuni da abin.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum, ni daga Maraɗi nike, ku bari in sa baki. Mu nan Nijar mun ga abin da idonmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka sa muna takunkumi Najeriya ta yanke kuran, wato wutar lantarki, alhali wajen kashi 70 cikin ɗari na kuran ɗinmu daga can yake zuwa a lokacin, sai watan Maris 2024 aka maido. Cikin wannan tsakanin pano, wato faifan sola, ya yi kasuwa irin wadda ba a taɓa gani ba, kuma tashar Gorou Banda ta kusa da Yamai mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023 ta rage ma mutanen Yamai wahala sosai. Akwai ta Malbaza ma mai megawat 7 tun 2018.

Shawarata ga yaron, kada ya tsaya cikin birni kaɗai inda kowa ya cunkushe. Ya dubi masu garka da noman rani. Famfon ban ruwa na sola ba ya son batir ko ɗaya, rana ta fito ruwa ya taho, rana ta faɗi ya tsaya, kuma manomi da ma da rana yake ban ruwa. Tunda batir shi ne mai tsada kuma shi ne mai mutuwa, in an cire shi lissafi ya yi sauƙi. Nan wajenmu masu albasa da tumatir da yawa sun aje injin esansi, wato mai shan fetur, za ka ga pano uku ko huɗu an kafa bakin rijiya, da marece a ɗora a amalanke a kai gida saboda ɓarayi. Ku da kuke da Kura da Kadawa da Haɗeja ai kun fi mu wurin yin wannan. Ga kuma rijiyoyin burtsatse na ƙauyuka da aka sa ma sola, in sun lalace sai a rasa mai gyara a kusa.

Abu Yusra:

Duk na yarda da abin da aka faɗa amma bari in taɓo gefen da ya kamata a yi hattara. Harkar nan dala ce. Sama da kashi 80 cikin ɗari na faifan sola na duniya a Chaina ake yin su, kuma arahar da muke gani saboda masana'antunsu sun yi kaya fiye da yadda ake buƙata ne suna ta karya wa juna farashi. Mu kuma namu kuɗin tun da aka saki naira a Yunin 2023 daga wajen 460 ta wuce 1,500 a dala ɗaya a 2024, shi ya sa arahar ba ta iso mana gaba ɗayanta ba. Duk da haka wata cibiya mai suna Ember ta lissafa cewa daga tsakiyar 2024 zuwa tsakiyar 2025 Najeriya ta shigo da faifai na sama da megawat 1,700 daga Chaina, ita ce ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. Ka haɗa wannan da tashar Kumbotso da Buhari ya buɗe a Janairun 2023 mai megawat 10, ko ta Jami'ar Bayero ta 2019 mai 7.1, za ka gane cewa ba gwamnati ce ke ja da harkar nan ba, mutane ne da aljihunsu.

Maganar hana shigowa kuma da gaske an yi ta, ministan kimiyya na lokacin Uche Nnaji ne ya faɗa a watan Maris 2025, wai don a ƙarfafa na gida irin na NASENI, hukumar ƙere-ƙere ta gwamnatin tarayya. Kaya dai suna ta shigowa. Ni ina son a yi a gida, amma masu yi a nan ƙwayoyin cikin faifan daga waje suke kawowa su harhaɗa, kuma abin da suke fitarwa bai kai buƙata ba, in aka rufe ƙofa yanzu talaka ne zai ji a jikinsa. Wannan ma wani dalili ne na kar a zuba jari duka a kaya, doka ɗaya tana iya juya kasuwa, amma ko na gida ne ko na waje dole a nemi mai haɗawa.

Abin da ke damuna shi ne har yanzu sola ta mai hali ce. Fadar shugaban ƙasa ma an ware mata naira biliyan 10 a kasafin 2025 don sola, mai gidan haya da ɗaki ɗaya kuma sai dai ƙaramar nan ta biya kaɗan-kaɗan irin ta Sun King, ƙwai uku da cajin waya. Akwai shirin DARES na Bankin Duniya, dala miliyan 750 da aka amince da shi a Disambar 2023 ta hannun REA, hukumar samar da lantarki a karkara, don ƙananan tashoshi a karkara, kamfanonin da ke wannan aikin suna ɗaukar masu hannu, ya riƙa bibiya.

Baban Hanifa:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Na karanta masa duka, maganar famfon noman rani ta shige shi sosai don kawunmu na noma a wajen Kura. Mun tsaya a kan zai fara koyo tukunna, shago sai gaba. Mai Sola dan Allah wane kayan aiki zan fara saya masa?

Mai Sola Kano:

Madalla, Allah ya sa albarka. Ka fara da mita mai kyau wadda ke auna wutar batir da ta faifai, da irin mai bakin nan da ake maƙala wa waya a ga ƙarfin da ke wucewa, sai abin matse kan waya, diril, sukundireba masu roba a jiki, tsani mai ƙwari da igiyar ɗaure ƙugu. Kar ka yi masa rowa a mitar, jabu ta cika kasuwa kuma da ita zai riƙa gane faifan da aka liƙa wa takardar wat na ƙarya.

Sannan ka gaya masa wutar faifai ba irin ta gida da ya saba ba ce, in aka jera su da yawa tana kai bolt ɗari uku ko fiye kuma muddin akwai rana ba ta da makashi, kar ya kuskura ya zare waya alhali tana ɗauke da lodi, tartsatsinta ba ya mutuwa da wuri. Kowane aiki ya sa bireka tsakanin faifai da inbata, da tsakanin batir da inbata, ya kuma binne ƙarfen tsawa kafin damina ko da mai gida ya ce a bari. In ya shirya ka yi min magana ta akwatin saƙo, in wajena ya cika zan haɗa shi da wani abokin aikina da ke yin na famfo.