Harsashin bindigar iska: mai faffaɗan kai ko mai mulmulalle?

Nasiru: Assalamu alaikum. Masu harbin takarda, a taimaka. Bindigar iska gare ni mai bututu milimita 4.5, kuma harsashinta kala huɗu na gani: mai faffaɗan kai, mai mulmulallen kai, mai tsini, da mai rami a baki. Zuciyata ta fi kwanta wa mai tsinin.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Mai tsini ido kawai yake burgewa, Nasiru. Da wuya masana'anta ta fitar da tsinin ya zauna daidai tsakiya a kowane ƙwaya, kuma in ya ɗan karkace, harsashin zai riƙa kaucewa. Tazarar mita nawa kake harbi?

Nasiru: Mita 10, Alhaji. Wani lokaci 30 in mun fita fili wajen Ungogo.

Alhaji Garba: To gwangwanin harsashi iri biyu kake bukata. A mita 10 mai faffaɗan kai ne sarki. Shi ake harbawa a gasar Olamfik, inda harbin bindigar iska ya shiga tun 1984. Kansa yana yanka takarda ya bar huda mai tsafta kamar ta abin huda fayil na ofis, alƙali ya auna maki ba gardama. Ɗigon maki 10 a takardar gasa faɗinsa rabin milimita ne kacal, ka ga yagaggiyar huda ba za ta yi ba.

Malam Habibu: Gaskiya ne, amma da ya wuce mita 20 zuwa 25 sai faffaɗan kan ya zama masa kaya. Iska na tokare shi, gudunsa ya faɗi. Balle yanzu da hunturu ya kama. A fili mai mulmulallen kai za ka ɗauka, ya fi riƙe gudu, iskar gefe ba ta cika tura shi ba. Ni harsashin kamfanin JSB na ƙasar Cek nake ba mutane shawara.

Umar: Yallaɓai, na kamfanin H&N na Jamus fa? Bindigata ta ƙi JSB sam.

Malam Habibu: Ba mamaki. Kowane bututu da abin da yake so. Duba gwangwanin, za ka ga 4.50, 4.51 ko 4.52. Faɗin kan harsashin ke nan a milimita. Wannan ɗan bambancin kan iya haɗa maka hudoji wuri ɗaya ko ya watsa su. Ɗora bindigar kan buhun yashi, harba goma-goma daga kowane iri, takarda za ta faɗa maka. Kuma ka ware duk wanda gindinsa ya lanƙwashe, don gindin nan mai rami shi ke toshe iska a bututu, shi ke daidaita harsashin a tafiya.

Umar: Mai ramin baki kuwa?

Alhaji Garba: An yi shi ne don ya baje in ya bugi abu. Takarda ba ta bukatar haka.

Sadiq: Na ga Amurkawa na narka dalma a gida suna zuba harsashin manyan bindigogi, su ma gardamar kai suke yi. Masu bindigar Winchester 1894 faffaɗa suke zaɓa, saboda harsasan suna jere ne a bututun ajiyarsu, tsinin wani kan gindin wani, mai tsini zai iya tayar da na gabansa.

Alhaji Garba: Can ke nan, Sadiq. A nan ƙera harsashi ba izini laifi ne ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, ita kanta bindigar iska tana cikin masu bukatar lasisi. Kada a kawo mana zancen narka dalma zauren nan.

Malam Habibu: Ko don lafiya ma. Mun ga yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Nasiru, harsashin nan ma na dalma ne, ka daina sa shi a baki in kana lodi, na san halin samari. Wanke hannu kafin cin abinci, gwangwanin kuma a kulle inda yara ba sa kaiwa.

Nasiru: Na gode, iyayena. Faffaɗa da mulmulalle ke nan. Malam Habibu, ko za ka ara min buhun yashinka ranar Asabar?

Malam Habibu: Zo bayan la'asar, ka taho da takardunka.